Kalangu ko fiyano: da wanne yaro ɗan shekara takwas zai fara?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci a Mabera, cikin garin Sakkwato: "Ɗana shekararsa takwas. Galan, murfin tukunya, bencin makaranta, duk abin da hannunsa ya kai sai ya kaɗa. Mu kuwa ba gidan makaɗa ba ne. Wani ya ce in saya masa fiyano, wani ya ce kalangu. Wanne ya dace da shekarunsa, ta ina ake farawa, kuma a ganinka wanne ya fi a cikin kayan kiɗan nan?"

Malam, a wannan watan kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun. Ka ba shi ƙwarya, in an samu kuntuku, wata ƙaramar ganga, ya fi, na kamar wata uku. Bayan nan kalangu ƙarami daidai hamatarsa. Fiyano ya jira sai kunnensa ya nuna. Hukuncin kiɗa a addini kuwa, da abin da dangi za su ce tunda ba gado ba ne, wannan tsakaninka ne da malaminka da manyan gidanku. Amsata ta tsaya ga yadda ake koyo.

Dalilin wannan jeri yana cikin yadda gidajen makaɗa ke renon 'ya'yansu. Ba a miƙa wa yaro uwar kiɗa ranar farko. Ɗaukar kaya yake fara yi, yana bin manya fada ko gidan biki ko gonar gayya. Daga nan ya shiga sahun 'yan karɓi, yana amsa waƙa da baki. Sai a rataya masa kuntuku ko kanzagi, ƙananan gangunan da ake kaɗawa da 'yan sanduna biyu, masu murya ɗaya tak, waɗanda aikinsu riƙe ƙafar kiɗa ne kada ta goce. Yakan shekara da shekaru a nan kafin a bar shi ya taɓa babban. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan mahaifinsa ya tashi cikin kiɗa, ya kuma yi zama ƙarƙashin wansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa ayarin. Yaronka ba shi da wannan ayarin da zai bi, don haka sai ku ƙirƙira masa matakan a gida.

Abin da mai koyarwa na zamani yakan tsallake shi ne wannan: gangar Bahaushe magana take yi. Harshenmu yana da karin sauti, gaɓa takan hau, takan sauka, wata kuma ta faro daga sama ta gangaro. Kuka na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kukar miya kuwa ta farko a sama, ta biyu a ƙasa. Wuyan da ake rataya laya sama ne sannan ƙasa, wuyar sha'ani ƙasa ce sannan sama. Kai da ake nuna mutum da shi a sama yake tsaye, kai na ɗaukar tulu gangarowa yake yi. Wannan hawa da saukar, tare da tsawon wasali da gajartarsa, su kalangu ke kwaikwaya har ɗan dambe ya ji takensa daga nesa ya miƙe tsikar jikinsa na tashi. Saboda haka ƙa'ida ta farko, wadda za ta bi yaron har girmansa: abin da bakinsa bai faɗa daidai ba, hannunsa ba zai kaɗa ba. Ya faɗa tukuna, sannan ya buga.

Makon farko da na biyu ba a buƙatar komai sai tafi. Ka sa shi tafiya a tsakar gida da taki ɗaya, ba sauri ba nawa, yana tafi a kan kowane taku. In ya zauna a kan wannan, ya koma tafi biyu a kowane taku, sannan uku. Ukun nan shi ne wurin da yara ke tuntuɓe, kuma shi ne ƙashin bayan kiɗe-kiɗenmu da yawa. In ana daka a gidan, to an huta da neman malami: ya tsaya kusa da turmi ya sa tafinsa a tsakanin saukar taɓarya da taɓarya, yadda mata ke yi in suna lugude. Yaron da ya iya cika wannan gurbin ba tare da ya faɗa kan taɓarya ba ya riga ya samu rabin abin da ake nema. Ƙannensa mata da ke gaɗa da dare sun fi shi wannan darasin, kada ya raina su.

Sai ƙwarya. A samo busasshiya mai kauri, marar tsaga, wadda faɗin bakinta ya kai kamu ɗaya da rabi na babba. A ƙwanƙwasa ta da yatsa kafin a biya: lafiyayya amo take yi, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ka ji "kaf-kaf" kamar katako. A kife ta a kan tsohon bargo ko matashi. Kifawa a kan siminti tsirara na sa ta zamewa, muryarta ta bushe, bakinta kuma ya ɓantare. Sauti biyu zai nema: gindin tafin hannu a tsakiyar ƙwarya, shi ke ba da "dum", da kan yatsu ko siririn kara a gefe, shi ke ba da "tak". Da waɗannan biyun zai kaɗa sunayen gidan, "tak" ga gaɓar da ta hau, "dum" ga wadda ta sauka. Musa, tak-tak. Audu, tak-dum. Bala, dum-tak. Kano, tak-dum. Ka faɗi suna ya kaɗa, sannan ku juya, ya kaɗa ka canka. In ana son murya mai zurfi a kifa ƙaramar ƙwarya a cikin ruwan babbar roba, yawan iskar da aka bari a ƙarƙashinta shi ke sauya muryar, yara kuma suna son wannan ƙwarai.

Minti goma zuwa sha biyar a zama ɗaya ya isa, sau ɗaya ko biyu a yini, a lokacin da bai ci karo da salla ko Islamiyya ko barcin maƙwabta ba. Awa biyu ranar Asabar kaɗai ba ta kai minti goma na kullum amfani ba, domin hannu da maimaici yake haddacewa. Kurakuran wannan mataki uku ne, kuma kusan kowane yaro sai ya yi su. Yana ƙara sauri ba da saninsa ba, musamman in ya ji daɗin abin. Maganinsa ya riƙa taka ƙafa, ko wani ya riƙe masa tafi. Yana bugu da dukan dantse maimakon wuyan hannu, sai ya gaji cikin minti uku, kafaɗa ta ɗaure. A sa shi ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari ya bar tsintsiyar hannu ta yi aikin. Na uku, hannu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi har kiɗan ya riƙa ɗingishi. A ba raunanan hannun farkon kowace jimla na mako guda. In yaron bahago ne a bar shi da hagunsa a nan. Cin tuwo daban, kiɗa daban.

Alamar ya isa kalangu ita ce ya riƙe kiɗa ɗaya na minti uku bai goce ba alhali kana yi masa hira, ko wani yana kaɗa wani abu daban a kansa.

To, kalangu. Icce ɗaya ake sassaƙawa a rarake shi, baki biyu masu faɗi da siririn ƙugu a tsaka. Alilliba na cikin itatuwan da masassaƙa ke so, don ba ta da nauyi kuma tana da amo. Kowane baki an rufe shi da fatar akuya da aka ɗinke a jikin zobe, tsarkiya kuma, wato igiyoyin fata, ta haɗa zoben nan da wancan. Akwai zaga, 'yar siririyar igiya da ke kwance a kan fatar, ita ke ba da zizar nan da ke bin bayan kowane bugu. Sai maratayi na kafaɗa, da lanƙwasasshiyar sandar bugu mai faffaɗan kai. In aka matse tsarkiya fata ta ɗaure murya ta hau, in aka saki ta sauka. Sirrin ke nan gaba ɗaya, sauran shekaru goma na aiki ne.

Ka tafi da yaron wurin saye, kada ka yi aike. A rataya masa: gwiwar hannunsa ta sauka daidai ƙugun kalangun, yatsunsa kuma su kai bakin fata ba tare da ya miƙe hannu ba. In sai ya ɗaga kafaɗa kafin ya rungume shi, ya yi masa girma, kuma "zai girma ya tarar da shi" ita ce shawarar da ta fi kashe wa yara sha'awa. Ya matsa da ƙarfinsa na yaro a ji ko murya ta hau a fili. In sai babba ne ke iya motsa tsarkiyar, ta yi tauri. A ɗaga fatar a rana a duba: kaurinta ya zama ɗaya, ba tabon wuƙa, ba hudar ƙaya. A girgiza iccen a kan tafin hannu, in gari ya zubo ƙwaro ya shiga, a bar shi. A bi bakin iccen da yatsa, in da kaifi ko gurgura nan fata za ta fara yagewa. Waɗanda ake jerawa don ado, masu fenti da fata mai kauri kamar takalmi, na bango ne. Ka nemi wanda makaɗan mahauta ko na 'yan dambe ke saye a wurinsa.

Fatar ganga ɗanya ce, an kankare gashi an shanya, ba jemammiya ba. Jan fatar da dukawan Sakkwato suka yi suna da ita ta yi wa maratayi da jakar ajiya, amma in aka rufe ganga da ita ba za ta yi magana ba, don jima tana kashe taurin da ke sa fata amo. A tabbata kuma fatar dabbar da aka yanka lafiyayya ce. Fatar mushe tana iya ɗauke da cutar saifa, wadda ke kama mutum ta ƙurji ko ta ƙurar da ke tashi in ana kankare fatar.

Darasin farko a kalangu ba kiɗa ba ne, murya biyu ce: sake, buga, matse, buga. Mako guda a kan wannan har tazarar muryoyin ta daina sauyawa. Sai a dawo da sunayen nan na ƙwarya, yanzu da hamata. Mako na uku a shigo da gangara: a buga a matse, a saki nan take kafin amon ya mutu, shi ne "yau", shi ne "rai", shi ne "mai" na miya. Daga nan gajerun jimloli, gaisuwa, kirarin gidanku in akwai, karin magana mai gaɓa shida ko bakwai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne matsa da bugu su zo tare ko matsar ta makara, sai kowace gaɓa ta fito da jela kamar kukan kyanwa. Dole hamata ta riga sanda da ƙiftawar ido. Na biyu, danne kan sanda a jikin fata bayan bugu, wanda ke shaƙe muryar. Sanda taɓawa take ta tashi, kamar an taɓa garwashi. Na uku, bugu da gefen kan sandar maimakon fuskarta, wannan kuwa huda fata yake yi, kuma kuɗinka ne zai tafi. Haƙarƙari da dantse za su yi tsami a makon farko, ba komai. Zafin da ke cikin gaɓar wuyan hannu ne abin tsayawa a duba riƙon.

Yanayin garin nan yana da nasa hukunci a kan fata. Da damina takan sha raɓa ta saki, murya ta toshe. A ajiye kalangun a hantsi na minti biyar zuwa goma, ko a nesa da garwashi inda tafin hannu zai iya jurewa, ana juyawa. Yara sukan kai shi bakin murhu don sauri, fata ta ƙone ta yi ƙwanƙwaram, daga nan sai sabuwa. Da hunturu kishiyar haka ce: tsarkiya ta bushe ta riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A shafa mata ɗan man kaɗe ko man shanu a yatsa, kamar sau ɗaya a wata, a tsarkiya kaɗai. Mai a fuskar fata kashe murya yake. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada a bar shi cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kwano. A rataye shi a ƙusa cikin jaka, ba a ƙasa ba, saboda gara da ɓera. Ɓera na son tsarkiyar da ta sha mai fiye da yadda yake son daddawa.

Fiyano ba abokin gaba ba ne. Yawancin waƙoƙin da ake bugawa a sitidiyo yau da shi ake haɗa su, kuma yaron da ke son wannan hanyar zai buƙace shi. Matsalarsa ga mafari ita ce yana ba da sauti mai daɗi kyauta. Akwai maɓallin da in an danna na'urar za ta kama ganga da kanta, yaro ya ɗora yatsa ɗaya ya ji kamar ya iya, shekara ta wuce bai riƙe ƙafar kiɗa da kansa ko sau ɗaya ba. In lokacin ya yi, kamar shekara goma, a nemi mai maɓalli 61, farare 36 baƙaƙe 25, mai jin nauyin yatsa, wato in an danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, in an buga ya ɗaga. Ƙananan Yamaha na jerin PSR-E suna aiki da adafta mai bolt 12 ko batir shida, kuma batirin ya fi aminci a gidan da ake tada janareta, don hawa da saukar wuta adafta take fara ci. A rufe shi da zane kullum, ƙurar hunturu in ta shiga ƙarƙashin maɓallai wasu sukan daina amsawa. A kashe kiɗan-da-kanka na wata shida. Ya fara da baƙaƙen maɓallai kaɗai: biyar ne a kowane zagaye, kuma yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan murya biyar suke tafiya, don haka zai lalubo waƙar da ya sani da kunnensa cikin kwana kaɗan. In zai sa abin kunne, ƙarar ta tsaya inda zai ji ka in ka kira shi daga ƙofar ɗaki.

In kana son abin tsirkiya mai araha da zai gyara masa kunne kafin fiyano, ga kuntigi, wanda Ɗanmaraya Jos ya yawata duniya da shi har rasuwarsa a 2015. Gwangwanin kifi ne, a cire murfin duka a dandaƙe kaifin baki, a jiƙa ɗanyar fata ta kwana a ruwa, a ja ta a kan gwangwanin a ɗinke ta baya. Tun tana da laima ake tsaga ta a soka siririyar gora ta zama wuya, a huda ƙaramar kafa don amo, a bar ta ta bushe a inuwa kwana biyu. Shanyawa a rana na sa ta ja da ƙarfi har ta lanƙwasa gwangwanin. Tsirkiya ɗaya ce, ana ɗaure ta a wuya da zaren fata wanda ake turawa gaba ko baya don saita murya. Ba shi da alamar inda yatsa zai sauka, kunne ne jagora. Abu ɗaya zai taimaka masa: in ya danne daidai rabin tsirkiya zai ji muryar farko ta dawo a sama, siririya, sauran muryoyin duk a tsakanin nan suke.

Goge da kukuma a bari sai ya haura goma. Tsagiyar doki ce a jiki da kuma a izgar da ake gogawa, sai an shafa ƙaro take kamawa, maiƙon yatsa kaɗan ya isa ya sa ta yi santsi ta ƙi magana, kuma watannin farko kukan da suke yi sai mai haƙuri. Goge kuma yana ɗauke da sunan bori da wuraren da ba kowane uba zai so a ga ɗansa ba, gara ka sani tun yanzu. Sarewa ba ta da tsada, amma fitar da sautin farko na iya cin mako biyu. Ya fara da hura bakin kwalba, kuma kada ya wuce minti biyar a jere, jiri na ɗibar yara. Algaita na buƙatar dabarar shaƙar iska ta hanci alhali kumatu na turawa, wadda ake koyo da tsinken shan lemo a kofin ruwa har kumfa ta daina yankewa. Ita da kakaki da tambari kayan sarauta ne, masu su na nan a fada, ba a saye a kawo gida.

Malami kuwa dole ne daga ranar da aka rataya kalangu, ko da sau ɗaya a mako. Wanda ya iya kiɗa daban, wanda ya iya koyarwa daban. Ka zauna a darasi biyu na farko. In yana sa yaro ya faɗa da baki kafin bugu, yana kuma iya rage saurin kiɗansa har yaro ya ga abin da hannu ke yi, ka riƙe shi. In shi ke ta kaɗawa yaro na kallo, ko yana kai masa sanda a yatsu, ka nemi wani. A yi darasin a zaurenka ko inda babba na gida ke gani, a kuma yi magana a fili tun farko cewa koyo aka kawo shi, ba bin biki da dare ba.

Wanda ya fi a ganina? Don koyarwa, kalangu, saboda shi ke tilasta wa yaro ya saurari harshensa. Don daɗin ji kuwa kotso, ba na haɗa shi da komai. Dangin kalangu ne, amma baki ɗaya aka rufe, ɗayan a buɗe, kuma da yatsu ake kaɗa shi, ba sanda. A tsakiyar fatarsa akwai nake, ɗan danƙon kakin zuma da ake mannawa, wanda ke nauyaya fatar ya ba ta zurfin nan mai kama da gyaran muryar dattijo. Shi Ibrahim Narambaɗa ya riƙe, shi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka riƙe, kamar yadda Salihu Jankiɗi ya riƙe taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ka kunna wa yaron tsofaffin faifansu, ka ce ya bar waƙar ya bi gangunan kaɗai, ya gaya maka guda nawa yake ji da wanda bai taɓa sauya ƙafa ba. Ranar da ya ware ƙaramin daga cikin manyan ya tafa shi daidai, ka kai shi wurin mai kalangu a gwada hamatarsa.